Zanen Kogo na Mutanen Dauri: Wace Hanya Ta Fi Dacewa a Koyar da Ƙananan Yara?

Malamin da aka ɗora wa darasin tarihi ko na fasaha a ƙananan azuzuwan firamare, da uwar da ke son faɗaɗa wa 'ya'yanta sani a gida, tambaya ɗaya ce takan tare su idan aka zo batun zane-zanen da mutanen dauri suka bari a cikin koguna na dutse da jikin duwatsu: ta wace hanya za a isar da wannan abu ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 8, wanda bai gama rarrabe shekaranjiya da bara ba, balle a yi masa zancen shekara dubu goma? Hanyoyin da ke hannun yawancin mutane huɗu ne, wato hotunan da aka buga a takarda, da kallo a waya ko majigi, da aikin hannu inda yara za su haɗa launi su yi nasu zanen, da kuma ziyarar wurin da zanen yake. Tun da zangon karatu gajere ne, aljihu kuma ba ya ɗaukar komai da komai, dole a sa ɗaya a gaba, a riƙi wata a matsayin mataimakiya.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko kuɗi ne, kuma abin lura shi ne bambanci tsakanin kuɗin da ake kashewa sau ɗaya da wanda ke dawowa duk lokacin da aka maimaita darasin. Na biyu ƙarko, wanda ya ƙunshi ƙarkon kayan aikin da kuma daɗewar abin a zuciyar yaro. Na uku sauƙi, kuma a nan ajin da ya kamata a auna da shi ba mai yara goma sha biyar da fanka ba ne, aji ne mai yara sittin ko fiye, malami ɗaya, ba tabbacin wutar lantarki. Na huɗu haɗari, ga yaron da kuma ga zanen kansa, domin zanen da ya tsira daga rana da iska na dubban shekaru yana iya lalacewa a hannun baƙi cikin shekaru kaɗan.

Akwai ma'aunai biyu da ba a cika lissafawa ba, alhali su ne sukan yanke hukunci. Ɗaya shi ne ingancin abin da yaro zai tafi da shi gida. Kurakurai uku ne ke saurin shiga kan yara: cewa irin wannan zane a Turai kaɗai yake, cewa masu yin sa wasu gidadawa ne marasa wayo, da cewa sun yi zamani da manyan dabbobin nan da ake kira dainaso, waɗanda suka ƙare kimanin shekara miliyan 66 kafin yau, tun babu ɗan Adam a doron ƙasa. Ɗayan kuma yardar iyaye ce, domin a gidajen Musulmi da yawa ana ƙyamar yaro ya zana abu mai rai, kuma malamin da ya yi biris da wannan zai ɓata lokacinsa wajen ba da haƙuri maimakon koyarwa.

Hanya ta farko: hoto a takarda

Wannan ita ce mafi sauƙin farawa. Ana iya buga hotuna masu launi guda shida zuwa goma a shagon kwamfuta, a sa a lulluɓe su da leda mai ƙarfi, su yi shekaru suna aiki muddin an tsare su daga gara da damshi da hasken rana, wanda ke kashe launi idan aka bar hoto manne a bango kusa da taga. Littattafan yara da ake shigowa da su daga waje sun fi tsada nesa ba kusa ba, da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, yawancinsu kogunan Faransa da Sifaniya kawai suke nunawa, wasu kuma cike suke da zanen barkwanci na ƙato mai gashi buzu-buzu riƙe da kulki, wanda shi ne ainihin kuskuren da ake gudu. Malamin da ya zaɓo hotunansa da kansa ya fi samun abin da yake so, domin zai iya jera dawakin kogon Lascaux na Faransa, masu kimanin shekara 17,000, kusa da shanun Tassili n'Ajjer na kudancin Aljeriya, inda aka ƙidaya zane sama da 15,000, da raƙuman dawa na Dabous a arewacin Agadas, da shanun Birnin Kudu a Jihar Jigawa.

Ƙarfin takarda shi ne tana tsayawa wuri ɗaya, yaro ya ɗora yatsa, ya ƙirga ƙafafu, ya yi gardama da ɗan'uwansa a kan ko doki ne ko jaki. Tana kuma tafiya da labari, kuma tarihin wannan fanni yana da labaran da yara ke ji a jikinsu. A 1879, a kogon Altamira na Sifaniya, yarinya 'yar shekara 8 mai suna María ce ta ɗaga kai ta ga ɓaunayen da ke zane a rufin kogon, lokacin da mahaifinta, Marcelino Sanz de Sautuola, yake sunkuye yana bincike a ƙasa. Lascaux ma samari huɗu ne suka gano shi a watan Satumba na 1940.

Rauninta girma ne. Babban raƙumin dawa na Dabous tsawonsa mita 5.4 ne, a takarda kuwa bai wuce tafin hannu ba. Ana iya rage wannan gibi da igiya: a auna mita biyar da rabi a filin makaranta, a sa yara su kwanta kai da ƙafa a kan layin, su ga cewa sai kusan biyar daga cikinsu suka cike shi. Haɗari kuwa babu wani abin a-zo-a-gani.

Hanya ta biyu: waya, kwamfuta ko majigi

Ma'aikatar al'adu ta Faransa tana da shafukan intanet da mutum zai zagaya cikin Lascaux da kogon Chauvet kamar yana tafiya da fitila, Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan kuma ya ɗora dubban hotunan zanen duwatsu na Afirka, waɗanda TARA, wata ƙungiyar kare zanen duwatsu mai mazauni a Nairobi, ta tattara. Abin da kallo ke bayarwa wanda takarda ba ta iyawa shi ne duhu da zurfi da tudu da kwarin bango, yadda yaro zai ga mai zanen ya yi amfani da kumburin dutse ya zama kafaɗar dabba. Zakunan Chauvet da karkandansa, waɗanda aka gano a 1994 kuma suka kai kimanin shekara 36,000, sun isa su rushe zaton cewa masu zanen ba su da gwaninta.

Sai dai kuɗinta na dawowa ne: data, cajin waya, man janareta, ga majigi idan ba aro za a yi ba. Waya ɗaya ba ta ishi aji mai yara sittin ba, kuma da zarar an fara miƙa ta daga benci zuwa benci darasin ya koma rabon faɗa. Wanda zai bi wannan hanya ya sauke abin da zai nuna tun a gida, ya kalla daga farko har ƙarshe shi kaɗai, kada kuma ya wuce minti biyar zuwa goma. Dalilin tacewar ba tallace-tallacen da ba su dace da yara ba ne kawai. Intanet cike take da bidiyoyi masu cewa wasu halittu daga sararin samaniya ne aka zana a Tassili, zancen da ya samo asali daga laƙabin da Bafaranshe Henri Lhote ya ba wani zane mai zagayayyen kai a shekarun 1950, ga kuma hotunan bogi da kwamfuta ke ƙirƙira yanzu, waɗanda sun fi na gaskiya kyau da tsafta. A nawa ganin, abin da yaro ya kalla kawai shi ne mafi saurin gushewa cikin huɗun, domin yana zuwa ne a jerin sauran abubuwan da yake kalla a waya.

Hanya ta uku: aikin hannu

Masu zanen dauri da ƙasa mai launin ja ko rawaya suka yi aiki, da gawayi, da wani baƙin ma'adini, da farar ƙasa, suna niƙawa su dama da ruwa ko wani abu mai riƙewa. Kusan duk wannan yana nan a kowane gari. Jar ƙasa tana bakin hanya, gawayi yana madafa, farar ƙasa da ƙaro suna kasuwa, tsohon kwali kuma ana samunsa a wurin mai shago. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya ma riga ya san rabin aikin, tun da tawadar da yake rubutu da ita baƙi ne aka haɗa da ƙaro, saboda haka ba baƙon ilimi za a kawo masa ba.

Yadda aikin ke tafiya shi ne babba ya daka ƙasar da gawayin a turmi tun kafin ranar, ya tankaɗe da rariya, ya jiƙa ƙaro ya kwana. A ranar darasi a raba yara rukuni-rukuni a ƙarƙashin inuwa, kowane rukuni da murfin roba uku, a bar su su ɗiga ruwan ƙaro su dama da tsinke har ya yi kauri kamar kunu. A cukuikuye takarda mai ruwan ƙasa a sake miƙe ta, ko a ɓare fatar kwali, don ta yi gargada irin ta dutse. Burushi ba sai an saya ba: asuwakin da aka tauna bakinsa, gashin kaza, da yatsa sun wadatar. A nan ne yaro zai gane da kansa cewa ja yakan dushe idan ya bushe, cewa layi ba ya miƙewa a wuri mai gargada, da cewa fitar da ƙafar dabba da tsinke ba wasa ba ne. Daga nan girmama masu zanen yake shiga, ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Batun zana abu mai rai yana da mafita a cikin fannin kansa. Mutanen dauri sun bar ɗigo-ɗigo, da layuka, da da'irori, da kuma siffar tafin hannu, wadda ake samu daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya har Cueva de las Manos na Ajantina, inda ɗaruruwan hannaye suka rufe bango. Ɗora hannu suke yi a dutse su fesa launi a kewayensa. A kogon Rouffignac na Faransa ma masu bincike sun nuna cewa wasu layukan da aka ja da yatsu a tattausan bango na ƙananan yara ne. Aji zai iya yin bango guda na hannaye a kan dogon kwali, kowa da nasa, a bar dabbobin a hoto don kallo da tattaunawa. Malamin ya sanar da iyaye tun da wuri abin da za a yi, ya kuma roƙi a sa wa yara tsofaffin tufafi.

Haɗarin wannan hanya ƙarami ne, amma na gaske ne. Kada a bar yara su fesa launi da baki ta kara ko bututu kamar yadda ake zaton masu zanen sun yi, domin ɗan shekara biyar zuƙa zai yi maimakon busawa. A dangwala da soso a kewayen hannun, ko a yarfa da tsohon burushin haƙori. Kada a yi amfani da kwalli don samun baƙi, saboda yawancinsa yana ɗauke da dalma. Kada kuma a ɗebo ƙasa daga inda ake haƙar ma'adinai ko niƙa su, domin abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, daga ƙurar irin waɗannan wurare ya fito. Masu zanen Lascaux da fitilar dutse mai kitse suka haskaka aikinsu, amma a aji tocila za a kunna a ƙarƙashin tebur da aka rufe da zane, ba aci-bal-bal ba. A ƙarshe a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

Zanen kwali ba ya daɗewa, launin yana zuba bayan 'yan makonni idan ƙaron ya yi ƙaranci, amma abin da ya shiga ta hannu yana zama. Wahalarta shiri ne da sharar wuri, kuma malami ɗaya ba zai iya da yara sittin a lokaci guda ba sai ya raba su kwana biyu ko ya nemi mataimaki. Babban aibinta shi ne idan ba a fara nuna hotunan gaske ba, yara za su koma gida su ce an yi wasan taɓo. Ya kamata kuma a faɗa musu ƙarara cewa a kwali ake wannan aiki, ba a bangon mutane ko duwatsun bayan gari ba.

Akwai ɗan ƙari da ba ya cin ko sisi, wanda ke warware matsalar shekaru. A fita fili a ce kowane taku ɗaya shekara 100 ne. Taku biyu da ɗan ƙari an kai jihadin Shehu Usmanu na 1804, taku goma sha huɗu an kai zamanin Hijira, taku sittin zuwa tamanin an kai raƙuman dawa na Dabous, Lascaux kuwa sai an yi taku 170, ƙila ma an wuce katangar makaranta.

Hanya ta huɗu: ziyara

Ba sai an tsallaka teku ba. A Birnin Kudu, a duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu a lungunan dutse, waɗanda wani masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, Bernard Fagg, ya yi nazari a kansu a shekarun 1950, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Abin da zai ja hankalin yaron da ya saba ganin shanun Fulani shi ne yawancin waɗannan ba su da tozo, wanda ke nuna irin shanun da aka taɓa kiwo a yankin ya bambanta da na yau. A wurin kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda ke ƙara kamar kuge idan aka buga su. Jihar Bauchi ma tana da nata zanen a Geji da Shira da Shadawanka. A Nijar, Dabous yana tsakanin Agadas da Arlit, kuma sassaƙa ce a jikin dutse a fili, ba shafen launi a cikin kogo ba. Akwai kwafin babban raƙumin dawan a filin jirgin saman Agadas, ga wanda ba zai iya shiga daji ba.

Babu hanyar da ta kai wannan tasiri, kuma babu wadda ta kai ta tsada da nauyi: hayar mota, mai, abinci, ruwa, takardar izinin iyaye, izinin hukuma, da gaisuwa ga dagaci ko mai unguwar wurin. Haɗarin ya haɗa da na hanya, da santsin dutse da damina, da zafinsa da bazara, da macizai da ƙudan zuma a lunguna, sannan a wasu yankuna, musamman hanyoyin arewacin Agadas, yanayin tsaro shi ke da magana ta ƙarshe. Lokacin da ya fi dacewa hunturu ne, da sanyin safiya, kuma kowane babba kada ya riƙe fiye da yara biyar ko shida.

Sai a faɗi gaskiya game da shekaru. Zanen gaske ya dushe, wani sai an nuna wa mutum da yatsa kafin ya gane saniya ce, kuma ɗan shekara huɗu da ya sha jijjigar mota na awa biyu ba zai ga abin da ya kai wahalar ba. Daga shekara bakwai zuwa sama, kuma bayan an ga hotuna an yi aikin hannu, nan ne ziyara ke biyan kuɗinta. Game da kare zanen kuwa, Lascaux ya isa misali: an buɗe shi ga jama'a a 1948, aka rufe a 1963 saboda numfashi da ɗumin jikin baƙi sun fara ɓata shi, kuma tun 1983 kwafi ake nuna wa masu ziyara. Dokar da za a haddace wa yara tun a mota ita ce ba taɓawa, ba yayyafa ruwa don launi ya fito, ba bin layi da alli, ba rubuta suna. Masu kai yara gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai su tuna cewa ƙasusuwan dainaso da ke can za su fi komai burge su, don haka a raba musu zamanin dainaso da na masu zanen a fili.

Kwatanci a taƙaice

| Hanya | Kuɗi | Ƙarkon kaya | Daɗewa a zuciyar yaro | Sauƙi a babban aji | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Hoto a takarda | Kaɗan, sau ɗaya | Shekaru | Matsakaici | Mai sauƙi ƙwarai | Kusan babu |
| Waya ko majigi | Matsakaici, mai dawowa | Gwargwadon na'ura | Kaɗan | Da wuya ba majigi | Bayanan ƙarya, tallace-tallace |
| Aikin hannu | Kaɗan ƙwarai | Makonni | Sosai | Yana son shiri da mataimaki | Ƙura, ido, gurɓatacciyar ƙasa |
| Ziyara | Mai yawa | Rana ɗaya | Sosai, ga 'yan 7 zuwa sama | Mai wahala | Hanya, dutse, tsaro, ɓata zanen |

Wa ya kamata ya zaɓi wace?

Malamin makarantar gwamnati mai cunkoso, wanda ba shi da wuta ba shi da kasafi, ya buga hotuna kaɗan masu kyau, rabinsu na Afirka, ya yi darasi ɗaya da su, ya bi da aikin hannu a mako na gaba. Wannan haɗin shi ne na fi ba da shawara ga yawancin mutane, domin kowace ɗaya tana toshe ɓarakar 'yar'uwarta, kuma shekara mai zuwa gawayi da ƙaro kawai za a sake nema. Ajin renon yara 'yan 4 zuwa 5 ya tsaya a kan tafin hannu da labarin yarinyar Altamira, a bar lissafin shekaru sai gaba. Makaranta mai majigi da wuta ta yi amfani da kallo na 'yan mintuna a matsayin buɗe darasi, kada ya zama shi ne darasin. Uwa mai yaro ɗaya ko biyu a gida ita ce waya ta fi yi wa amfani, tun da za ta zauna tare da su ta tsayar da hoton ta yi tambaya, sannan su fita tsakar gida da kwali. Makarantar Islamiyya, ko duk inda iyaye ke da ƙyamar zanen abu mai rai, ta ɗauki hannaye da ɗigo da layuka, ta bar dabbobi a hoto. Makarantun da ke Jigawa da gabashin Kano da Bauchi, waɗanda za su iya zuwa su dawo kafin azahar ta yi nisa, su tanadi ziyara don 'yan aji uku zuwa sama a ƙarshen zango na farko, bayan malami ɗaya ya riga ya je ya ga hanyar, ya gana da mai kula da wurin, ya kuma san inda mota za ta tsaya da inda yara za su sha inuwa.